Kwanar Mashayi

Horonupu, 15 ga Afrilu, 1962

Zuwa ga Kaka Tome,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata kina lafiya, kuma sanyin bana bai taɓa miki gwiwoyi ba. A nan ƙanƙara ta fara narkewa, hanyoyi duk taɓo. Inna tana lafiya. Baba ma haka, sai tarin nan da ba ya barinsa duk ƙarshen sanyi.

Ba ki san ni ba. Ni ce Sumie, 'yar Shozo, jikar yayanki marigayi Kanji. Shekarata goma sha shida, ina babbar sakandare. Adireshinki na kwafo daga katin sabuwar shekara da kike aiko wa Baba. Kwana huɗu ina rubuta wasiƙar nan ina yagawa, don haka ki yi haƙuri idan kin ga rashin kunya a ciki.

Ga dalilina. A watan Yuni ƙauyenmu zai cika shekara sittin da biyar. Malam ya ce kowa ya rubuta tarihin wani daga cikin mutanen farko, a karanta a gaban makaranta. Ni bai ma bar ni na zaɓa ba. Ya kira ni da sunan gidanmu ya ce, "Utsumi, ke naki a gida yake. Jinzaburo, kakan babanki, shi ya auna ƙasar nan kaf." Aji ya fashe da dariya. Wata Fusae da ke zama a bayana ta ce, "Ya auna kam, da kwalba a hammata!"

Kin san abin da suke nufi. Hanyoyinmu goma sha huɗu a miƙe suke kamar an ja su da zare, ban da Hanya ta Tara, wadda ke zuwa daidai kurmin nan ta kauce, ta zagaye shi, sannan ta dawo kan layinta. Kwanar Mashayi. Har direban bas cewa yake, "Masu sauka a Mashayi!" Kullum sai na sunkuyar da kai.

Na tambayi Baba. Yana gyaran linzamin doki, bai ko ɗago ba, ya ce, "Ya sha, ya karkace, aka kore shi daga aikin safiyo. Sai me? Rubuta cewa ya yi kansila shekara ashirin da biyu, ki tsaya nan."

Amma abin bai zauna mini ba. Wanda ya ja hanya goma sha uku ba karkata, yaya aka yi ɗaya tak ta gagare shi? Kuma in mashayi ne, me ya sa mutanen da suka laƙaba masa sunan suka yi ta zaɓensa? Ke kaɗai kika rage cikin 'ya'yansa. Wane irin mutum ne mahaifinki?

Jikarki,
Sumie

Okaya, 30 ga Afrilu

'Yar Shozo,

Wasiƙarki ta zo. Na karanta sau biyu don in tabbata ba daga ofishin gwamna take ba. Wa ya koya miki wannan ladabin? Ba dai Shozo ba, wanda na taras da na zo ganin gida yana yawo ba wando yana gatsar ɗanyen dankali. Ki ce masa ya daina taba, tarin zai bar shi.

Ni lafiya lau. Gwiwoyi sun daɗe da ajiye aiki, idona na hagu ma yana shirin bin su, sauran jiki yana nan yana gardama.

Kin tambayi ubana. Ɗa na uku ne a gidan manoma a Toyama, ba shi da ko taku ɗaya a gonar ubansa, sai ya koyi auna gonakin wasu. Yana ɗan ashirin da shida ya hau jirgin ruwa zuwa arewa. Shekara uku yana kwana a tanti, sauro na cinsa, yana kaɗa gwangwani don korar beyar, ƙaton naman dajin nan. Gajere ne, mai babban kai. Komai sai ya ƙirga. Daga ƙofarmu zuwa rijiya taku talatin da ɗaya ne, in na yi talatin da uku sai ya ce wasa na tsaya yi a hanya. Takalma a bakin ƙofa sai ya jera su a layi kafin ya iya cin abinci. Da ya zama kansila shi ya kawo makarantarku ta farko da gadar katako. Jawabinsa kuwa, mutane kan zo da ƙunshin shinkafa don sun san za a kai la'asar.

Sha? Ƙaramin kofi ɗaya na giyar shinkafa ranar sabuwar shekara, sai ya yi ja kamar dafaffiyar ƙaguwa ya nemi wurin kwanciya. Wannan na gaya miki ne don ke, ba don Fusae ba.

Maganar kwana kuwa, ki bar ta. Abin da ya faru a wurin ya fi abin da ake faɗa nauyi. Shi ya ɗauki sunan nan har kabari bai yi musu da kowa ba. Rubuta gada da makaranta, sun isa.

Kakarki,
Tome

Horonupu, 8 ga Mayu

Kaka Tome,

Ina gaishe ki da kyau, na kuma gode da amsa. Ina fata idon ya yi sauƙi. Mun gama shukar dankali, hannuwana duk sun tsage. Na karanta wa Baba wurin ɗanyen dankali, ya ce, "Tsohuwar nan har yau bakinta bai mutu ba," amma na ga kunnuwansa sun yi ja.

Ki gafarce ni in na fama miki ciwo. Kin ce abin da ya faru ya fi abin da ake faɗa nauyi, ni kuwa na yi ta juya maganar. Me ya fi shaye-shaye muni ga mai awon ƙasa? Ko ya kautar da hanyar ne don wani babba ya samu fili mai kyau? Ko don kansa? In haka ne, gara mini mashayin.

Na yi abin da ba a sa ni ba. Ran Lahadi na hau saman ɗakin ajiya na buɗe akwatinsa. Akwai sarƙar awo da ta yi tsatsa, da kamfas, da littattafan aiki bakwai. Rubutunsa ƙanana ne kamar ƙwayar shinkafa. Kowace hanya shafi biyu ta ci, amma ta Tara ta ci goma sha ɗaya. A turke na arba'in da ɗaya ya tsaya, kwana uku bai ƙara gaba ba, sai lissafi. Na kwafa na kai wa malamin lissafinmu, ban ce na wane ne ba. Ya duba ya ce, "Wannan ai da gangan aka zana ta, kuma gwani ne ya zana." A gefen shafin akwai suna guda, Nupekuru, an ja masa layi. Sunan Ainu ne, mutanen asalin ƙasar nan, ko? Wane ne shi?

Akwai kuma abin da ban gaya miki ba. Baba kansila ne yanzu. A Fabrairu motar madara ta zame a kwanar ta faɗa rami, direban ya karye a hannu. Baba ya kai wa majalisa shawara a sare kurmin a miƙe hanyar. Ranar 20 ga Yuni za su kaɗa ƙuri'a, katafila ta shiga a Yuli. Ya ce, "Kakana ya karkatar, ni zan miƙe. Daga nan kowa ya shafa mana lafiya."

Ya kamata in yi murna. Ban san abin da ya hana ni ba.

Sumie

Horonupu, 31 ga Mayu

Kaka Tome,

Ina gaisuwa, ina fata lafiya ce ta kawo shirun. Mu muna lafiya. Sati uku ke nan ina tare mai kawo wasiƙu a bakin ƙofa, har ya fara ce mini, "Yau ma saurayin bai rubuto ba."

Idan fushi kike don na buɗe akwatin, na cancanta. Na mayar da komai yadda na same shi, sai littafi ɗaya.

An kafa jajayen turaka a miƙe ta tsakiyar kurmin. Jiya da na taso makaranta na ga Iya Matsu, tsohuwar Ainun nan da ke zaune a bakin kogi, tsaye a kwanar da kwandonta. Ba kurmin take kallo ba, baya ta juya masa, amma ba ta tafi ba. Bas ya zo ya wuce ba ta hau ba. Na gaishe ta. Ta dube ni ta ce, "Ke jinin mai sarƙa ce." Na rusuna na wuce da sauri.

Saura kwana ashirin. Ko layi ɗaya ne ki aiko mini.

Sumie

Okaya, 7 ga Yuni

Sumie,

Ba fushi ba ne, sakarya, ido ne. An cire mini yana a asibiti, na yi kwana ashirin a kwance da jakunkunan yashi a gefen kaina don kada in motsa. Wasiƙunki biyu tare na tsince su a ƙarƙashin ƙofa. Likita ya hana ni rubutu. To, ya zo ya kama ni mana.

Ki wanke zuciyarki. Nauyi na ce, ban ce muni ba. Ubana bai taɓa cin taku ɗaya na ƙasar wani ba. Tunda katafila ta shigo maganar, saurara, kuma kada takardar nan ta kwana inda wani zai gani.

Nupekuru shi ke nuna musu daji, shi ke riƙe ƙarshen sarƙa. Matsu 'yarsa ce. Ran da suka iso wurin nan sai ya ajiye sarƙar ya juya baya. Ubana ya yi tambaya, shiru. Ya yi faɗa, shiru. Ya duba wurin, ciyawa ce kawai da 'yan itatuwa. Mu in mun binne mutum dutse muke kafawa, mu sassaƙa suna, kowane bikin Bon na tunawa da matattu mu je mu wanke shi mu kunna turare. Don haka a wurinsa inda babu dutse babu kowa. Su kuwa itace suke kafawa, su tafi ba waiwaye, ba sa komawa, itacen ya ruɓe abinsa. Bai sani ba. Ya ja sarƙar da kansa ya buga turke na arba'in da ɗaya. Turken ya shige da sauƙi fiye da kima, sai ya zare don ya sake bugawa. Cikin ƙasar da ta biyo shi akwai shuɗɗan duwatsun wuya na mace. Na uwar Nupekuru ne. Danginsu duk suna wurin.

Kwana ukun da kika gani ke nan. Nupekuru abu ɗaya ya roƙa: kada a sa wurin a taswira. A lokacin akwai masu zuwa daga birni da akwatuna, suna tone kaburburan Ainu suna kwashe ƙasusuwa, wai ilimi. In aka rubuta maƙabarta, an nuna musu hanya ke nan. To in bai rubuta dalili ba, me zai ce wa shugabansa? Sai ya yi shiru har aka raba wa baƙi filaye da ƙuri'a, suka kakkafa bukkoki a gefen hanyar, gyara ya gagara. Ran da shugaban ya zo dubawa, ubana ya ari kwalbar giya wurin mai dafa musu abinci ya tuttula wa rigarsa. Washegari aka sallame shi.

Kansila kuwa ya nema ne don ya zauna kusa da kwanarsa. Sau biyu aka kawo maganar miƙe ta, sau biyu ya yi ta jawabi har suka gaji suka tashi. Ina 'yar sha huɗu ya dasa itatuwan nan da kike gani, ya tafi Sapporo sati biyu, ya dawo da wata takarda mai jan hatimi yana murmushi shi kaɗai. Ban san abin da ke ciki ba. Ofishin ƙauye ya kai ta. Neme ta.

Amma kafin komai je ki wurin Matsu. Matattun nata ne, ba namu ba. Abin da ta ce shi za ki yi, ko bai yi miki daɗi ba. Kada ki ƙwanƙwasa mata ƙofa, gyaran murya ake yi a jira. Kuma kada ki je hannu sake.

Tome

Horonupu, 24 ga Yuni

Kaka Tome,

Ina gaishe ki, sannu da jiki. Don Allah ki bi maganar likita yanzu, wannan karon ni zan yi surutun. Muna lafiya, dankali ya yi fure.

Ran Larabar da ta biyo bayan zuwan wasiƙarki na je bakin kogi da ƙunshin shinkafa. Na tsaya a ƙofa ina gyaran murya har maƙogwarona ya bushe. Daga ciki ta ce, "Shigo mana, kin tsaya kamar turken kakanki."

Na gaya mata na sani. Ba ta daina saƙar tabarmarta ba. Na ce, "Iya, in na faɗa wa majalisa gaskiya ba za su sare kurmin ba. Kuma sunansa zai wanku."

Ta ce, "Sunan wa?"

Na ji kunya ta rufe ni.

Ta ce, "'Yata, shekara bakwai da suka wuce masu akwatuna sun je garin mijina, da takardar izini a hannunsu. Ƙoƙon kan ƙanwarsa yana birni yanzu da lamba a goshi. In katafila ta bi ta kan kakata, a ƙasarta dai take. In kika buɗe baki, cikin kabad za ta ƙare. Ke zaɓar mini."

Na ce ba zan faɗa ba. Ta ce, "Mai sarƙa ma haka ya ce, ya kuma cika. Sai dai shi bakinsa ba ya hutawa, ke kuwa sai an matse ki kamar tsumma." Ta ba ni busasshen kifi na ci.

Alhamis, Juma'a da Asabar na yi su a ofishin ƙauye bayan makaranta. Ni da ba na iya tambayar farashin fensir, sai ga ni gaban magatakarda. Ya ce, "Aikin makaranta ne ko shari'a za ki kai mu?" Ya dai buɗe mini ɗakin tsofaffin takardu. Ran Asabar na same ta, cikin ɗaurin takardun shekarar da aka yi gada. Jan hatimin ya koma ruwan ƙasa. Kurmin nan an yi masa rajista a matsayin shingen tare iska na hukuma. Ba mai sare ko reshe sai da izinin gwamna, magatakarda kuma ya ce neman izinin kan ci shekaru, ba lalle a samu ba.

Ran Lahadi muna cin abinci na ajiye kwafin a gaban Baba. Ya karanta, ya ajiye tsinken cin abinci. Ya ce, "Me ya haɗa ki da itatuwa? Mutumin nan ya sa ana yi mana dariya shekara sittin, ke kuma za ki taya shi? Direban da ya karye fa?"

Na ɗauko littafin Jinzaburo na buɗe masa shafin. Ya daɗe yana kallon lissafin, ya sa yatsa a kan sunan da aka ja wa layi. Ya ce, "Ran Laraba bakin kogi kika je, ko?" Inna ta tashi ta shiga kicin ba dalili. Sai ya rufe littafin a hankali ya ce, "Ba ki gaya mini komai ba. Ni ma ban tambaye ki ba."

Ranar majalisa shi da bakinsa ya karanta takardar, ya janye shawararsa. Aka ce shugaban majalisa ya buga cinya ya ce, "Kai, mashayin nan! Yana kabari ma ya fi mu wayo!" Sun amince a faɗaɗa kwanar ta waje, a kafa shingen ƙarfe, a riƙa zuba yashi lokacin ƙanƙara. An tsige jajayen turakan. Jiya na sami Baba a bayan gida yana goge sarƙar da mai.

Ran Juma'a na karanta nawa a gaban makaranta. Na faɗi Toyama, da tanti, da gada, da taku talatin da ɗaya. Ina gamawa Fusae ta ɗaga hannu. Ta ce, "To kwanar fa? Ya sha ko bai sha ba?"

Kaka, duk rayuwata shiru nake yi don tsoro ko don ba ni da abin faɗa. Ran nan amsar tana kan harshena cikakkiya, har da lambar turke. Na ce, "Iyakar abin da na rubuta ke nan." Na koma na zauna. Suka yi ta dariya har Malam ya buga tebur. Fuskata ta yi zafi, amma ban sunkuyar da kai ba.

Ga wasiƙarki na mayar miki cikin wannan, ban yarda da kowane lungu na gidanmu ba. Tambaya ɗaya ta rage mini. Shekara arba'in ana kiransa haka a gabansa. Bai taɓa jin kamar ya faɗa ba?

Jikarki,
Sumie

Okaya, 3 ga Yuli

Sumie,

Ido ya buɗe, har na ga ƙurar da maƙwabta suka daɗe suna gani a gidana. Wasiƙar ta shiga murhu, ta taya ni tafasa ruwan shayi.

Ya faɗa, sau ɗaya. A tashar jirgi ne, ran da zan taho aikin masaƙar siliki, ina daidai shekarunki. Na ce masa gara in tafi inda ba wanda ya san ni 'yar mashayi ce. Ya ajiye mini kayana ƙasa. Jirgi na huci ya gaya mini duka, a tsaye, cikin minti biyar, shi da ba ya gama jawabi a awa biyu. Sannan ya ce in hau kada a bar ni. Shekara arba'in da tara ina ɗauke da shi ni kaɗai a zuriyarmu. Yanzu na sauke miki rabi, kada ki ce ban ba ki gado ba.

Ki gaishe da Matsu, ki ce 'yar mai sarƙa tana nan da rai. Shozo kuma ki ce na yafe masa dankalin.

Gobe in direba ya ce masu sauka a Mashayi, ki miƙe ki sauka. Ki bi gefen hanya ki ƙirga mini taku nawa ne kwanar. Shi ɗari biyu da goma sha shida ya ce, amma ƙafafunsa gajeru ne.

Kakarki,
Tome